Dogon Baro Zuwa Kano da Mutanen da Suka Riƙe Shi

Duk wanda aka tambaya ta inda jirgin ƙasa ya fara shigowa Kano, da wuya bai ce ta Legas ba. Amma jirgin da ya fara isa can a watan Maris na 1911, zamanin Sarki Abbas, daga Baro ya taso, wani ɗan gari na Nufawa a gaɓar kogin Kwara, cikin Jihar Neja ta yanzu. Ta ruwa aka yi ta jigilar ƙarafan dogo da taragu da kawunan jirgi gunduwa-gunduwa. Sai damina ta yi nisa, kogi ya kawo, sannan manyan jiragen ruwa ke iya haurowa daga bakin teku su sauke kaya a Baro, a harhaɗa su a nan. Daga wannan gaɓa aka ja layi mai tsawon mil 356, ya bi ta Minna, ya haye kogin Kaduna, ya ratsa Zariya, ya je ya tsaya a wajen ganuwar Kano.

Me ya sa aka zaɓi Baro alhali ga wani layin yana tahowa daga kudu? Kishi ne tsakanin gwamnatocin Turawa biyu. Kafin haɗewar 1914, Arewa da Kudu kowacce da gwamnanta da baitulmalinta. Legas ta fara nata layin tun 1896, ya kai Badun a 1901, ya iso Jabba a 1909. Gwamna Lugga kuwa, tun yana zaune a Zungeru, bai so a ce kayan Arewa sai ta hannun Legas za su fita ba. Masu masaƙun Lankasha a Ingila suka mara wa shirin baya, domin sun gaji da dogaro da audugar Amurka, idonsu kuma yana kan ƙasar Hausa. A 1907 gwamnatin Ingila ta amince, lokacin Winston Churchill yana ƙaramin minista a ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka.

Wanda aka turo ya gaji Lugga injiniyan jirgin ƙasa ne. Percy Girouard, haifaffen Montreal a Kanada, ya yi suna tun da ƙuruciyarsa a Sudan, inda a 1897 ya shimfiɗa wa sojojin Kitchener dogo daga Wadi Halfa ya keta hamada zuwa Abu Hamad, a ƙasar da ko ruwan da kan jirgi zai sha sai an ɗauko shi a tarago. A Arewa shekara biyu kacal ya yi, 1907 zuwa 1909, amma shi ya tsara yadda aikin zai tafi, John Eaglesome, shugaban sashen ayyuka, ya tsaya a kai har aka kai Kano. Dabararsu arha da sauri. Ba su ba wani kamfani kwangila ba, gwamnati da kanta ta yi. Inda suka tarar da dutse ko tudu, maimakon su fasa sai su kewaye. Inda ƙaramar gada za ta wadatar, ba su gina babba ba. Faɗin layin ƙafa uku da rabi, daidai da na Legas. Sun cika alkawarin da suka ɗauka, sai dai kwane-kwanen da suka rage musu kashe kuɗi a 1908 su ne suka hana jirgi gudu shekara saba'in bayan haka, ranar da ya shiga tsere da tirela.

Sunayen waɗannan mutum biyu suna cikin littattafai. Waɗanda babu sunansu ko'ina su ne dubban Nufawa da Gwarawa da Zazzagawa da Kanawa da suka sare daji, suka haƙa ƙasa da diga, suka ɗauke ta a kwando a ka, suka tara tudun da aka ɗora ƙarfe a kai. Babu katafila ko ɗaya. A takarda Turawa sun sassauta sunan abin, amma a ƙauye kowa ya san aikin tilas ne. Razdan zai faɗa wa sarki adadin mutanen da yake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya aika wa dagatai, dagaci ya bi gida-gida. Magidanci ya bar gonarsa na makonni, wani lokacin ana tsakiyar shuka ko girbi, ya tafi inda bai san kowa ba, har a kawo waɗanda za su canje shi. Ana biyan lada, wannan gaskiya ne, kuma da tsabar kuɗin Bature ake biya. Ta nan sule da sisi suka fara korar kuɗin wuri daga kasuwannin da ke kusa da layi, kuma abin da aka karɓa a bakin diga sau da yawa shi ne ya koma hannun gwamnati da sunan haraji.

Ba kowa ya miƙa wuya ba. Wasu sun tsere daga wurin aiki, wasu ƙauyukan sun watse cikin duwatsu da jin an zo ɗibar mutane. A 1909 mutanen Gusoro a ƙasar Gwari suka yi bore har suka kashe wani jami'in Bature, aka aiko soja aka murƙushe su. A Zazzau, Sarki Aliyu Ɗansidi, wanda a zamaninsa dogo ya ratsa ƙasar, ya bar mana Waƙar Diga, ɗaya daga cikin 'yan shaidun da suka rage na yadda mutanen ƙasa suka ga wannan aiki da idonsu. Abin takaici ne yaro ya gama sakandare a Zariya, yana tsallake wannan dogo safe da yamma, bai taɓa jin cewa kakanninsa ne suka tara ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba.

Baro ba ta daɗe tana cin moriyar abin ba. A 1912, shekarar da aka buɗe layin ga jama'a, dogon Legas ya biyo ta Zungeru ya haɗu da shi a Minna. Da farko a Jabba sai an ɗora taragu a kan jirgin fito an haye da su. Da aka gama gadar Jabba a 1916, tafiya ta miƙe daga Iddo a Legas har Kano, kilomita 1,126. Kogin da ba ya ɗaukar babban jirgi sai 'yan watanni a shekara bai iya ja da wannan ba. Reshen Baro ya koma gefe, daga baya ya mutu.

Sai kuma abin da babu wanda ya tsara: an yi dogo domin auduga, manoman Kano suka cika shi da gyaɗa. Lissafinsu a fili yake. Audugar da suke nomawa tana da masu saye a gida, masaƙan ƙasar Kano suna biyan abin da ya fi na Bature. Gyaɗa kuwa tana son jigawa, ana shuka ta tsakanin gero da dawa, tana gyara ƙasa, in kuma kasuwa ta faɗi sai a ci abin a gida, a yi mai da ƙuliƙuli. A daidai lokacin masana'antun Turai suna neman man gyaɗa ruwa a jallo. Fataken goro, waɗanda suka san kowace kasuwar ƙauye kuma suke da yara da amintattu ko'ina, su suka shiga tsakani, irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo, sannan Alhassan Ɗantata, wanda ya fara saya wa kamfanin Neja a 1918 ya kuma zarce kowa.

Tsoffin hanyoyin fatauci suka juya. Ayarin raƙuman Turabulus, wanda dama ya fara ja da baya, ya ƙarasa mutuwa. Tafiyar Gwanja da jakuna, mai cin watanni, ta koma ta jirgin ruwa zuwa Legas, huhunan goro su hau tarago daga can. Shanu suka riƙa gangarawa Kurmi a tsaye cikin tarago maimakon su rame a hanya. Zangon Hausawa ya kafu a garuruwan tasha, irin Sabo ta Badun da Agege, akawuna da masu sana'a daga kudu kuma suka hauro suka cika Sabon Garin Kano da na Zariya.

Rassa suka biyo baya, kowanne yana bin wani arziki. Kuza ta ja ɗan siririn layi mai faɗin ƙafa biyu da rabi daga Zariya zuwa Jos da Bukur a 1914, aka rufe shi a 1957. Kwal ɗin Inugu ya jawo layin Fatakwal a 1916, wanda daga baya ya hauro ta Makurɗi da Kafanchan ya haɗu da na yamma a Kaduna, aka gama gadar Binuwai a 1932. Auduga da gyaɗa suka kai dogo Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. Na ƙarshe shi ne na Barno, wanda aka fara a 1958 da rancen Bankin Duniya, ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964. Jimilla kilomita 3,505. Katsina da Sakkwato, duk da girmansu da tarihinsu, ba su samu ba, kuma wanda ya ga yadda Gusau da Funtuwa suka tashi daga ƙananan garuruwa suka zama cibiyoyin ciniki ya san abin da rashin ya jawo musu.

Shimfiɗa dogo aikin 'yan shekaru ne, riƙe shi kuwa aikin kullum. Wannan ɓangaren tsofaffin ma'aikatan reluwe suka fi son a yi hira a kai, shi kuma aka fi mantawa. Kowane yanki na layi yana da leburorinsa da helumansu. Da sassafe mutum zai ɗauki guduma da sifana ya bi dogo a ƙafa, yana duba noti ɗaya bayan ɗaya, yana buga ƙarfe yana sauraron amonsa. Kafin damina a yashe magudanai da kwalbatoci, domin ruwan dare ɗaya yana iya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin dogo ya bar ƙarfe a rataye. Layin guda ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke, saboda haka jirgi ba ya barin tasha sai an yi magana ta waya da tasha ta gaba, an kuma damƙa wa direba alamar izini a hannunsa. A cikin kan jirgi mai tururi, fayaman yana ta zuba kwal da shebur cikin wuta tun daga tashi har sauka, ko da a zafin bazara ne, a riƙa tsayawa a tankunan hanya ana ɗura ruwa. Mutum kan yi shekaru yana goge inji kafin ya zama fayaman, ya ƙara wasu kafin a ba shi tuƙi. A wuraren gyara na Ebute Metta da Inugu da Zariya aka horar da maƙera da kafintoci da masu walda, waɗanda daga baya suka bazu cikin gari suka koya wa wasu. Bayan yaƙin duniya na biyu aka kawo wasu kawunan jirgi daga Ingila aka raɗa musu sunayen kogunan Nijeriya, direbobi suna ji da su kamar yadda barde ke ji da dokinsa. A 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, masu shan dizal suka fara shigowa.

Waɗannan ma'aikata sun san ƙarfinsu. Su ne kan gaba a yajin aikin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan reluwe ya yi wa jagora, aka haura kwana 40 ana kai ruwa rana da gwamnatin mulkin mallaka a kan albashi da tsadar rayuwa.

Abin da fasinja ya riƙe a ransa daban ne. Wanda ya taɓa hawa daga Kano zuwa Legas a shekarun 1960 ko 1970 zai ba da labarin taragon talakawa mai bencin katako, kowa da tabarmarsa da butarsa da akwatin ƙarfe. Zai tuna 'yan talla da ke rugowa bakin taga a kowace tasha da rake da dafaffen ƙwai, da kifin Jabba, da yadda kuka da ɗorawa ke ɓacewa sannu a hankali har a wayi gari cikin kwakwar manja. In an tsaya a wata ƙaramar tasha ana jiran jirgin da ke tahowa ya wuce, sai a sauka a yi alwala a yi jam'i a gefen layi. Ɗan makaranta mai komawa hutu, da soja, da mai goro, da amaryar da ake kai wa miji Badun, duk benci ɗaya, kafin a sauka an ci abincin juna.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba game da dalar gyaɗa, wadda ta zama tambarin arzikin Kano. Buhunan da 'yan dako suka jera har sama, wata dalar ta kai buhu 15,000, kaya ne da ke jiran tarago. Bayan yaƙin duniya na biyu noma ya fi ƙarfin jirgi, har sabuwar gyaɗa kan tarar da ta bara ba ta tafi ba. Ashe tun reluwe tana ganiyarta alamar gazawa ta bayyana. A 1964 ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Shekara goma bayan haka, duka biyun sun faɗi ƙasa da rabi.

Dalilan sun zo ne a jere, wani na bin wani. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun raba reluwe da ɗimbin ƙwararrun ma'aikatanta 'yan Gabas, layin gabas kuma ya lalace. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka kwashe babban kayan da jirgi ke ɗauka. Kuɗin fetur ya tafi ga titunan kwalta, mai ya yi arha, tirela da tanka suka karɓe abin da ya rage. An ɗauko ƙwararru daga Indiya a 1979, abubuwa suka ɗan farfaɗo, suna tafiya a 1982 aka koma gidan jiya. A 1988 hukumar ta durƙushe, aka yi ta rage ma'aikata, 'yan fansho suka shiga wahalar da ba ta dace da mutanen da suka ba da ƙuruciyarsu ga wannan aiki ba. Da masu bin layi a ƙafa suka ragu, ciyawa da zaizayar ƙasa da ɓarayin ƙarfe suka ƙarasa sauran. An gyara layin Legas zuwa Kano an sake buɗe shi a Disamban 2012, amma a lokacin tafiyar takan haura awa 30.

Sabon babi ya buɗe a Yulin 2016 da jirgin Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, a kan layi mai faɗi irin na zamani. Na Itakpe zuwa Warri ya biyo a 2020, na Legas zuwa Badun a 2021. Jama'a sun yi tururuwa, musamman da masu garkuwa da mutane suka addabi hanyar mota. Harin 28 ga Maris, 2022, wanda aka kashe fasinjoji aka sace wasu da dama, na ƙarshensu ba su kuɓuta ba sai a Oktoba, ya nuna cewa dogon da ba a tsare shi ba tarko ne. Duk da haka sababbin layukan alheri ne, kuma wanda aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Jibiya, in Allah ya sa an gama, zai kai jirgi Katsina bayan jiran sama da shekara ɗari. Sai dai tarihin tsohon layi yana da gargaɗi biyu. Kaya ne suka ciyar da shi, ga shi yau siminti da hatsi da shanu da mai duk a kan kwalta suke, suna farfasa ta suna cin rayuka. Sannan masu kula da shi kullum ne suka tsayar da shi. Ana ta maganar rance da bikin buɗewa, amma da wuya a ji wani jami'i yana faɗin matasa nawa ake horarwa su gaji helumomi da maƙeran da suka shuɗe.

A wasu ƙasashe masu sha'awar jirgin ƙasa ne suka hana tarihin ɓacewa. A yankin Wales na Birtaniya, 'yan sa-kai sun karɓi ɗan layin Talyllyn a 1951 suka ci gaba da tafiyar da shi da hannunsu. Nairobi ta buɗe gidan tarihin reluwe a 1971. Saliyo, wadda ta rufe layinta gaba ɗaya a shekarun 1970, ta buɗe nata a 2005. A Nijeriya akwai Gidan Jaekel a Ebute Metta, tsohon ginin 1898 da ƙungiyar Legacy ta gyara ta mayar ɗan gidan tarihi, mai ɗauke da sunan Francis Jaekel, tsohon ma'aikacin reluwe da ya rubuta tarihinta a juzu'i uku. Gidan tarihin Jos ma ya adana 'yan tsofaffin kawunan jirgi. Ban da wannan, a Arewa inda dogo ya fi tsawo, taragu suna tsatsa a Zariya da Kafanchan da Nguru, 'yan gwangwan suna zagaye su, takardun tasha kuma gara tana ci.

Zariya ce ta fi cancanta da gidan tarihin jirgin ƙasa na Arewa. Nan rassa suka haɗu, ga Jami'ar Ahmadu Bello, ga cibiyar koyar da fasahar sufuri, ga tsofaffin rumfunan gyara suna zaune ba aiki. Wannan yana hannun hukuma da gwamnatocin jihohi. Abin da ba ya jiran kasafin kuɗi shi ne muryoyin mutanen. Waɗanda suka tuƙa jirgi mai tururi ko suka bi layi da guduma, mafi ƙanƙantarsu yau dattijo ne, kuma kowace shekara ana rasa wasu. Duk mai karatun da ke da irin wannan dattijo a gidansu ko a unguwarsu, ya je ya gaishe shi, ya nemi izini ya naɗi hirarsu a waya. Ya tambaye shi sunayen tashoshin da ya yi aiki, da wanda ya koya masa, da yadda ake yi in ruwa ya cinye layi. In akwai hoto ko katin aiki ko tsohon tikiti a ƙasan akwati, a ɗauki hotonsa, a kai kwafi Gidan Arewa da ke Kaduna ko sashen tarihi na jami'ar da ta fi kusa.